Tambayoyi da Amsoshi kan Saita Injin Tsofaffin Motocin Ƙarfi na Amurka da Gano Dalilin Shan Baƙin Mai

Yawancin masu tsohuwar mota mai injin silinda takwas, da zarar sun ga hayaƙi yana fita daga salansa kuma gejin baƙin mai, wato sandar auna man inji, yana sauka, sai hankalinsu ya tafi kan zoben fistin, su fara lissafin kuɗin sauke inji. Tambayoyin da ke ƙasa an jera su ne bisa tsarin da ya kamata bincike ya bi, daga abin da hannu ke kaiwa cikin minti biyar zuwa abin da sai an buɗe cikin inji.

Waɗanne motoci ake nufi, kuma wane inji aka ɗauka a matsayin misali?

Ana nufin motocin da kamfanonin birnin Detroit suka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970, inda aka riƙa ɗaukar babban inji ana cusa shi cikin mota matsakaiciya domin ta yi gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Galibi ana fara ƙirga zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, mai inji lita 6.4, sannan Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner da manyan samfuran Camaro da Mustang suka biyo baya. Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin mai na 1973 sun taru sun karya shi, har ma General Motors ta rage matsin injinanta tun daga samfurin 1971 domin su iya shan fetur mai ƙarancin dalma.

Misalin da za a bi a nan shi ne injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, wanda ya fara fitowa a cikin Camaro a 1967, kuma jikan ƙaramin injin V8 ne da kamfanin ya fito da shi a 1955. An zaɓe shi ne saboda yawansa da sauƙin samun kayan gyaransa. Alkaluman da za a ambata nasa ne, amma hanyar binciken ɗaya ce a injinan Ford da Chrysler da Pontiac na wannan zamani. Bakaniken da ya yi rayuwarsa a kan Peugeot 504 mai kafireta da kwantak ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa dai silinda ta ninka kuma komai ya fi nauyi.

Shan mai nawa ne ya wuce misali?

Waɗannan injina ba a ƙera su da matsatsin injinan yau ba, saboda haka kanikawansu ba sa tayar da hankali idan mota ta sha kusan lita guda a tafiyar kilomita 1,600, wato mil dubu a lissafin Amurkawa. Idan ta kai lita guda a kilomita 800, akwai abin dubawa. Idan kuwa tana shan lita guda a kilomita 300 ko 400, to lallai akwai cuta, kuma fulogi ma ba za su daɗe ba kafin su fara ɗauke wuta.

Sai dai kafin a yanke hukunci wajibi ne a auna da kyau, domin ƙiyasin mai mota ba abin dogaro ba ne. A ajiye motar a wuri ɗaya mai lebur kowane lokaci, a bar ta ta yi minti goma a kashe, a duba geji, a rubuta lambar agogon tafiya, a maimaita haka sau uku ko huɗu. Akwai kuma wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa ciki. Motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannaye da dama, kuma ba mamaki an canja mata gejin mai ko kaskon mai na ƙasa da wanda ba nata ba. Idan gejin ya yi ƙarya, mai mota zai riƙa cika mai fiye da kima, kiranshaf ya riƙa kaɗa shi yana watsawa a bangon silinda, injin ya ƙone rarar, shi kuma ya sake cikawa. Maganin wannan shi ne a juye man duka, a sa sabuwar filta, a zuba lita 4.7 da injin 350 mai kaskon asali ke ɗauka, a tayar da shi na ɗan lokaci, a kashe, sannan a yi alama a kan gejin daidai inda man ya tsaya. Daga wannan alama ake fara lissafi.

Yaya ake bambance yoyo da ƙonawa?

Mai ba ya ɓata sai ta hanya biyu, ko ya zube ƙasa ko ya ƙone a silinda. Kwali da aka shimfiɗa a ƙarƙashin mota ya kwana yana nuna yoyon tsaye, amma akwai yoyon da ba ya tashi sai inji ya yi zafi kuma ana gudu, kuma wannan ba ya ɗiga a gareji. Alamarsa ita ce a leƙa ƙarƙashin motar a ga maiƙo ya shafe gidan giya da ƙasan bodi har zuwa bayan mota.

A wanke injin tas, a yi tafiyar rabin sa'a, a dawo a haska shi da tocila, a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, saboda mai ƙasa yake gangarawa kuma iskar fanka baya take tura shi. A injin 350 an sha ɗora wa sil ɗin bayan kiranshaf laifin da ba nasa ba, alhali man daga sama yake zuwa: daga bakin manifol (mai raba iska da fetur zuwa silinda) na baya, ko daga gindin distiributa, ko daga na'urar auna matsin mai da ke ɗaure kusa da ita, ko kuma daga kusurwar murfin bawul. Duk waɗannan suna gangarowa su taru a wuri ɗaya a bayan inji. Sil ɗin da ake zargi, wanda gida biyu ne a injinan da aka yi kafin 1986, canja shi aiki ne na kwance kaskon mai, don haka bai kamata a taɓa shi ba sai an wanke sauran daga zargi. Idan ido ya kasa, ana sayar da wani rini da ake zubawa cikin mai, wanda ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ya nuna bakin yoyon ƙarara.

Me launin hayaƙi da lokacin fitarsa ke nunawa?

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ɗan zaƙi a hanci, wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne, yana da ƙauri, kuma yana daɗewa a iska kafin ya baje. Lokacin fitarsa ya fi launinsa amfani, kuma tun da direba ba ya ganin bayansa sosai, gara a sa wani ya bi motar a baya yana lura.

Idan hayaƙin ya turnuƙe da safe a tashin farko, ya ɗauke bayan minti ɗaya ko biyu, to man da ya kwana a saman tof (kan silinda, inda bawul suke) ne ya zurara ta jikin sandar bawul ya ɗiga cikin silinda, kuma wannan laifin robar bawul ne ko kuben da sandar ke kai-komo a cikinsa. Haka nan idan aka sauko doguwar gangara ƙafa a ɗage daga totur, sannan aka taka a ƙasan gangaren sai gajimaren hayaƙi ya fito, ko kuma aka daɗe ana silo a danja sai ya yi tusar hayaƙi a tashi. A duk waɗannan lokuta maƙogwaron kafireta a rufe yake, fistin suna zuƙa ba su samun iska, saboda haka ƙarfin zuƙa a cikin manifol ya kai matuƙa, yana jawo mai ta kowace kafa da ya samu. Hayaƙin zobe dabam yake. Yana fitowa ne lokacin da aka ɗora wa inji nauyi, a hawan tudu ko a taka totur da ƙarfi, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, kuma sau da yawa za a tarar da huci yana fita daga bakin zuba mai kamar tukunya a kan murhu.

Na tabbatar ƙona man yake yi. Shin sai an sauke inji?

A'a, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Akwai abubuwa huɗu da ke sa lafiyayyen inji ya sha mai kamar wanda ya gama yayi, kuma gano uku daga cikinsu ba ya buƙatar ko sifana.

Na farko shi ne bawul ɗin PCV, wanda jihar Kalifoniya ta fara sa wa sababbin motoci a 1961, sauran ƙasar ta bi a 1963. Aikinsa ya zuƙe hucin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi manifol a ƙone. Yana zaune a kan murfin bawul, kuma murfin asali yana da wani ƙarfe a ciki da ke kare bakinsa daga man da ke fantsama. Masu son ado sukan cire murfin asali su sa mai ƙyalli, da yawa daga irin waɗannan kuwa ba su da wannan kariya, sai PCV ya koma tsotson mai kai tsaye. A zare tiyonsa daga gindin kafireta a zura ɗan yatsa a ciki. Danshi kaɗan ba laifi ba ne, amma idan yatsan ya fito sharkaf har mai yana bin tafin hannu, an kama ɓarawo. Idan kuma bawul ɗin ya toshe, ko aka rufe kafar shaƙar iska da ke ɗaya murfin, matsi zai taru a cikin inji ya riƙa tura mai ta kowane sil, har gejin mai ya riƙa ɗagowa da kansa.

Na biyu ya shafi motoci masu giyar otomatik irin Powerglide da Turbo Hydramatic 350 da 400. A jikin gidan giyar akwai wani ɗan gwangwani mai roba a ciki, wanda siririn bututu ya haɗa shi da manifol, kuma da shi giyar ke sanin nauyin da ke kan inji. Idan robar ta yage, inji zai riƙa zuƙar man giya yana ƙonawa, hayaƙi fari-fari ya cika titi. A cire tiyon daga bakin gwangwanin, idan jan mai ya ɗigo, an gama bincike. A wannan hali man inji ba ya raguwa ko kaɗan, man giya ne ke tafiya, amma mai mota da ya ga hayaƙi ba kasafai yake tuna duba wancan gejin ba.

Na uku shi ne famfon fetur na jikin inji, wanda za a yi bayaninsa a gaba. Na huɗu, wanda ya fi su ɓuya, shi ne gaskit ɗin manifol. A injin V8 manifol yana zaune tsakanin tof biyu, kuma shi ne rufin kwarin da tafet (ƙarafan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul) suke ciki, inda mai ke fantsama ba tsayawa. Idan gefen gaskit na ƙasa ya saki, babu abin da za a gani daga waje, kuma fesa fetur a kewayen manifol ba zai canja sautin inji ba, amma kowace zuƙa tana jan hazon mai daga kwarin zuwa cikin silinda. Alamunsa su ne silo marar natsuwa, da allurar agogon zuƙa (mai auna ƙarfin zuƙar manifol) da ta sauka ƙasa da yadda aka saba, da fulogi biyu maƙwabta da suka jiƙe yayin da sauran suke bushe.

Me fulogi za su gaya mini?

A cire su takwas ɗin a jera a kan kwali bisa lambar silinda. A injin Chevrolet, gefen direba shi ne 1, 3, 5, 7 daga gaba zuwa baya, ɗaya gefen kuma 2, 4, 6, 8. Fulogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske. Mai baƙin toka busasshe fetur ne ya yi masa yawa, mai baƙi da sheƙi da danshi mai ne, shi kuwa wanda wani farin ɓawo mai kama da kanwa ya taru a gefe ɗaya na bakinsa yana nuna man da ke ɗiga a hankali daga bawul tsawon watanni. Idan duka takwas ɗin sun yi laifi iri ɗaya, a nemi abin da ke ciyar da su gaba ɗaya, kamar PCV. Idan ɗaya ne tak, matsalar a silindar take. Idan na baya ne kawai, wato 7 da 8, a buɗe murfin bawul a duba ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa, domin injin a ɗan karkace yake zuwa baya, kuma idan daskararren datti ya toshe ramukan sai mai ya yi tafki ya nutsar da sandunan bawul.

Yaya ake gwajin matsi, kuma shin ya isa ya wanke zobe daga zargi?

Ana yin sa inji da ɗumi, fulogi duka a cire, wayar kwayil a zare, totur a buɗe gaba ɗaya, a juya injin da sitata sau huɗu ko biyar a kowace silinda. Lambar da za a samu ta danganta da matsin injin da irin kamshaf ɗinsa, don haka daidaito tsakanin silinda ya fi lambar kanta muhimmanci, kuma bambancin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba abin yarda ne. Silindar da ta yi ƙasa a zuba mata cokali guda na mai a sake gwadawa. Idan matsin ya tashi sosai, zobe ne, idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin tof.

Gwajin tsiyayar iska ya fi wannan faɗar gaskiya. Ana tsayar da fistin a ƙololuwar hawansa bawul biyu a rufe, a tura iska daga kwamfuresa ta ramin fulogi, agogo ya nuna kashi nawa ke tsiyayewa, sannan a kasa kunne. Ƙasa da kashi 10 inji ne mai lafiya, sama da kashi 20 ya fara gajiya. Iskar da ake ji a bakin zuba mai ta ratsa zobe, wadda ake ji a kafireta ta bawul ɗin shiga ce, ta salansa ta bawul ɗin fita ce, kumfa a lagireto kuma gaskit ne ko tsagewa.

Amma duka gwaje-gwajen biyu zoben matsi suke aunawa, wato na sama guda biyu. Zobe na uku, wanda aikinsa kankare mai daga bangon silinda, yana iya maƙalewa a cikin ramin sa saboda gawayi, musamman a motar da ta shekara goma a ajiye, kuma matsi ya fito cif yayin da inji ke shan mai. Har ma man da ya jiƙa silindar yakan ƙara toshe kafofi ya ɗaga lambar. Saboda haka kyakkyawan sakamako ba ya wanke zobe, yana dai mayar da shi ƙarshen layi.

Za a iya canja robar bawul ba tare da an cire tof ba?

Ana iyawa. Abin tsoro kawai shi ne kada bawul ya faɗa cikin silinda idan aka cire sifirin ɗinsa, kuma ana hana hakan ko dai da iskar kwamfuresa, ko da tsohuwar dabara ta cusa igiyar nailan mai laushi ta ramin fulogi a juya inji da hannu har fistin ya danne ta a ƙarƙashin bawul. Injin 350 na asali ɗan zoben roba ne kawai a kan sandar bawul, da hular ƙarfe a kan sifirin, kuma bayan shekaru robar takan bushe ta farfashe kamar busasshen ƙuli. Kafin a sa sabuwa, a kama sandar a girgiza ta gefe da gefe. Ratar da ta dace tsakaninta da kubenta ba ta wuce kaurin gashi ba, tsakanin inci 0.001 da 0.003, saboda haka idan ido ya ga tana lilo, kuben ya cinye, kuma sabuwar roba ba za ta yi wata shida ba. Wannan sai an kai tof wurin masu injin gyara.

Shin rashin saiti yana da hannu a shan mai?

Yana da hannu sosai. Kafiretar da ke ambaliyar fetur tana wanke man da ke bangon silinda, zobe ya riƙa gogar busasshen ƙarfe, rarar fetur ɗin kuma ta gangara cikin kasko ta tsinka mai, tsinkakken mai kuwa ya fi saurin ratsa kowace kafa. Famfon fetur na jikin inji ma idan robarsa ta huje yakan zuba fetur kai tsaye cikin kasko. Wannan yana ruɗa lissafi, domin a cikin gari gejin ba ya sauka, wani lokaci ma hawa yake yi, sai an yi doguwar tafiya fetur ɗin ya ƙafe da zafi, mai mota ya ga lita guda ta ɓace a wuni ɗaya. A shinshina gejin. Idan warin fetur ya bugi hanci, a gyara famfo ko kafireta, a juye man nan take.

Ta ina ake fara saiti?

Wuta ake farawa da ita, kafireta ce ta ƙarshe, ko da yake hannun mutane ita yake fara kaiwa saboda sukurorinta suna waje. A injin da ke da kwantak, a fara da kusurwar da kwantak ke zama a rufe, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin digiri 28 da 32. Distiributar General Motors tana da 'yar taga a jikin murfinta da ake zura makulli mai kusurwa shida a daidaita wannan inji yana aiki. Dole a riga yin wannan kafin taimin, saboda canja shi yana motsa taimin, alhali juya distiributa ba ya taɓa shi. Ratar fulogi inci 0.035 ce, sai dai idan an sa distiributar lantarki ta HEI da kamfanin ya kawo a tsakiyar shekarun 1970, wadda ke ɗaukar 0.045. Jerin tashin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, kuma wayoyin 5 da 7 kada a bar su manne da juna, domin suna tashi a jere kuma wuta takan tsallaka.

Kafin a yarda da fitilar taimin, a tabbatar alamar da ke kan fulin kiranshaf gaskiya take faɗa. Fulin gida biyu ne da roba a tsakani, kuma idan robar ta tsufa zoben waje mai alamar yakan zame. Sarƙar taimin ma abin dubawa ce, domin General Motors ta yi amfani da giyar kamshaf mai haƙoran nailan, waɗanda ke karyewa da tsufa, kuma alamar da ke rawa a ƙarƙashin fitila tana nuna sarƙa ta saki. Idan waɗannan lafiya lau, a cire tiyon zuƙa na distiributa a toshe shi, a sa taimin ɗin silo wajen digiri 8 zuwa 12 kafin ƙololuwa, sannan a ɗaga inji zuwa juyi 3,000 a minti a duba jimillar taimin. Injin 350 mai tof na da yana son digiri 34 zuwa 36 a nan, kuma wannan lamba ta fi ta silo muhimmanci. Idan alamar ba ta tafiya sumul yayin da ake ƙara wuta, ƙarafan da ke ƙarƙashin rota sun cije da tsatsa. Bayan an gama a mayar da tiyon. Masu cire shi gaba ɗaya da sunan neman ƙarfi ba sa ƙara komai sai shan fetur da zafin inji.

Kafireta fa?

A haɗa agogon zuƙa da manifol. Inji na asali mai lafiya yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo allura a tsaye, ana rage kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tsayin ƙasa, don haka motar da ke Denver, mai tsayin kusan mita 1,600, ba za ta nuna lambar motar Los Angeles ba. Kamshaf na tsere ma yana saukar da ita. A duba matakin fetur a cikin kwanon kafireta tukuna, sannan a mayar da sukurorin silo ciki a hankali har su taɓa, a warware kowanne juyi ɗaya da rabi, a riƙa juya su daidai wa daida har allura ta kai iyakar hawanta. Kafiretar Rochester Quadrajet, wadda ta fito a 1965, an san ta da tsiyayar fetur ta matosan gindinta da kuma fulot da ke jiƙewa ya nutse. Holley kuwa tsohuwarta takan fasa bawul ɗin ƙarin fetur idan inji ya yi tari ta kafireta, daga nan sai baƙin hayaƙi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen kafireta da ta fi ƙarfin injin. Injin 350 da ba ya wuce juyi 5,500 iskar da zai iya shaƙa ba ta kai cfm 600 (ma'aunin yawan iska a minti) ba, saboda haka mai lamba 850 ba za ta ba shi komai ba sai sanyin jiki a tashi.

Fetur na yau ya dace da waɗannan injina?

Da ɗan gyara. Injin LT-1 na 1970, wani samfurin 350 mai ƙarfi, matsinsa 11 ne bisa 1, an kuma yi shi ne domin fetur mai dalma, wanda Amurka ta haramta wa motocin titi tun farkon 1996. Irin wannan inji yana buƙatar fetur mafi daraja a gidan mai, mai lambar oktan 91 ko 93, kuma idan duk da haka ana jin ƙarar ƙyas-ƙyas a hawan tudu, a rage taimin digiri biyu a sake gwadawa, domin wannan ƙara tana karya zobe. Yawancin fetur a can yana da kashi 10 na sinadarin etanol, mai cin tsofaffin tiyo da robar famfo, saboda haka a canja su da na zamani.

Mai kauri zai rage shan mai? Wane iri ya dace?

Komawa daga 10W-30 zuwa 20W-50 yakan rage shan mai a gajiyayyen inji, kuma ba laifi ba ne ga wanda ke jiran lokacin babban aiki, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne sinadarin ZDDP, mai tutiya da fosfaras. Tafet ɗin waɗannan injina shafaffen gindi gare su, suna gogar tozon kamshaf kai tsaye da matsi mai tsanani, kuma wannan sinadari ne ke shiga tsakani. An rage shi a man motocin zamani saboda fosfaras yana lalata matatar hayaƙi, har ma'aunin ingancin mai na API SM na 2004 ya ƙayyade fosfaras zuwa kashi 800 cikin miliyan a siraran mai. Injin da aka sa wa sifirin masu ƙarfi yana son wajen 1,200, kuma ana samun haka a mai irin Valvoline VR1 da sauran waɗanda aka yi domin tsofaffin motoci.

An yi wa injin nawa aiki gaba ɗaya, amma har yanzu yana shan mai. Me ya faru?

Sabon zobe yana buƙatar ya zauna a bangon silinda, kuma matsin ƙonewa ne ke danna shi ya zauna. Bayan minti 20 zuwa 30 na farko da ake riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 domin kamshaf, sai a fita titi a riƙa taka totur a babbar giya daga gudun kilomita 50 zuwa 90 a sa'a, a saki ya sauko da kansa, kamar sau goma. Wanda ya bar sabon inji yana silo na sa'o'i a gareji yana jin daɗin sautinsa, ko kafireta tana masa ambaliya, bangon silindarsa zai yi santsi kamar gilashi, zobe kuma ba zai ƙara zama ba sai an sake goge bangon. A ba shi kilomita 1,500 kafin a yanke hukunci.

Idan ya wuce haka bai daina ba, kuskuren haɗi ne. Zobe na biyu yana da ɗigo da ke nuna sama, kuma idan aka kifa shi, maimakon ya kankare mai ƙasa sai ya riƙa tura shi sama. Bakunan sifirin ɗin zoben mai ma sukan hau kan juna a lokacin sawa. Amma kafin a kai ga fistin, a tambayi wanda ya yi aikin ko an aske fuskar tof ko ta bulok, domin askewar tana saukar da tof ta canja yadda manifol ke zama a tsakaninsu. A cire manifol a haska ramukan shigar iska na tof. Idan mai ya kwanta a ƙasan ramin tun daga bakin gaskit, daga kwarin tafet yake shigowa. Sai a share fuskokin, a ɗora manifol ɗin ba gaskit, a zura siririn ma'aunin rata a sama da ƙasan kowane gefe, kuma idan ratar ƙasa ta fi ta sama, manifol ɗin ne za a kai a aske shi daidai da kusurwar tof kafin a sa sabon gaskit.